Wa Zai Neme Ka Idan Ba a Gan Ka Ba?

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau za mu taɓo wata magana da ake sanarwa kusan kowace Lahadi, mutane su ji da kunne, su bar ta nan bakin ƙofar majami'a su wuce gida. Maganar shiga ƙaramar ƙungiyar zumunci ce. Wasu ikilisiyoyi suna kiranta addu'ar gida-gida, wasu taron unguwa, wasu kuma ajin nazarin Littafi Mai Tsarki. Duk dai abu ɗaya ne: mutum takwas, goma, ko goma sha biyu, su riƙa haɗuwa kowane mako a gidan ɗayansu, su karanta Maganar Allah, su yi addu'a, su ji lafiyar juna.

Bari in fara da tambaya, kowa ya amsa a zuciyarsa. A ce Lahadi uku a jere ba ka je sujada ba. Ba tafiya ka yi ba, zazzaɓi ne ya kayar da kai, ko kuwa wata damuwa ce ta sa ba ka son haɗa ido da kowa. Wa zai tako har ƙofar gidanka ya yi sallama? Ban da wanda zai ci karo da kai a kasuwa bayan wata biyu ya ce, "Kai, kwana biyu!" Ina nufin wanda zai lura tun a makon farko. Idan ka laluba ka sami suna ɗaya ko biyu, ka gode wa Allah. Idan kuwa ka laluba ka rasa, to da kai ake magana yau.

Kuma kada ka ga laifin fasto. A manyan majami'u na Jos, da Kaduna, da Sabon Garin Kano, da Jimeta, sujada biyu ko uku ake yi da safiyar Lahadi, ta Hausa daban, ta Turanci daban, waɗannan na fita waɗancan na shiga. Mutum ɗaya, ko da mataimaka nawa gare shi, ba zai iya riƙe fuskar kowa ba, balle ya san wanda ya kwana bai ɗora tukunya ba. Surukin Musa ma, Yetro, abin da ya hango ke nan a jeji, lokacin da ya tarar da Musa zaune tun safe har yamma yana sauraron ƙararrakin jama'a shi kaɗai. Ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu-dubu, da na ɗari-ɗari, da na hamsin-hamsin, har da na goma-goma. Labarin yana cikin Fitowa sura 18.

Wasu kan ɗauka wannan taron gida sabon salo ne da aka kwaso daga waje. Ko kusa. Ikilisiya a cikin gidaje ta taso. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna masu bi na farko a Urushalima suna zuwa Haikali, suna kuma bin gida-gida suna cin abinci tare. Akwai labarin da nake so a sura 12, saboda ya nuna irin waɗannan taruka yadda suke, har da ban dariyarsu. Hirudus ya kulle Bitrus a kurkuku. 'Yan'uwa suka taru da dare a gidan Maryamu, uwar Markus, suna yi masa addu'a. Allah ya fitar da shi, ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofar zaure. Wata yarinya mai aiki a gidan, Roda, ta zo ta ji muryarsa ta gane shi. Murna ta ɗebe ta, ta manta da buɗe ƙofa, ta ruga ciki da albishir. Su kuwa masu addu'ar suka ce mata ta zautu. Ga wanda suke roƙon Allah ya kuɓutar yana tsaye a waje yana ta buga ƙofa, su suna ciki suna gardama!

Ku lura da abu biyu a nan. Da Bitrus ya fito cikin dare, bai tsaya tunanin inda zai nufa ba, ya san gidan da zai tarar da mutanensa. Sannan 'yar aikin gida ta san muryar manzo a cikin duhu, har sunanta ya shiga littafi. Sai an daɗe ana zama wuri ɗaya, babba da yaro, mai gida da bara, ake samun irin wannan sabo.

Haka abin ya ci gaba. Akila da matarsa, masu sana'ar ɗinkin tanti, ikilisiya a gidansu take taruwa. Lidiya mai sayar da tufafin shunayya a Filibi ta buɗe gidanta. A ƙarshen wasiƙarsa zuwa ga Romawa, Bulus ya gai da sama da mutum 20 kowa da sunansa, alhali a lokacin bai taɓa zuwa Roma ba. Ginin sujada ma na musamman sai daga baya. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da masu tonon tarihi suka gano yana Dura-Yurofos, a ƙasar Siriya, bakin kogin Furat, kuma gidan zama ne aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu wajen shekara ta 240 don mutane su sami wurin zama.

Amma labarin da ya fi kama da halinmu, a ganina, shi ne na mutanen John Wesley a Ingila, domin da bashi ya fara. A shekarar 1742, a birnin Biristol, ana bin su bashin ɗakin taron da suka gina. Suka zauna neman mafita. Wani da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawara kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya na kuɗinsu duk mako. Aka ce masa ai akwai waɗanda ko wannan ya fi ƙarfinsu. Sai ya ce a ba shi mutum goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, zai riƙa bin su gida kowane mako, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Wasu ma suka ɗauki nasu sha ɗaya. Da aka fara zagayen, sai masu karɓar kuɗin suka riƙa dawowa da abin da ya fi kuɗi. Sun tarar da wane yana kwance ba lafiya, wance ta yi faɗa da miji, wane ya koma shan giya. Abubuwan da mai wa'azi ba zai taɓa gani daga kan mumbari ba. Wesley ya ga ai wannan ne abin da ya daɗe yana nema. Daga baya, maimakon shugaba ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, sai aka mai da shi zama na mako-mako, mutum wajen goma sha biyu, kowa ya faɗi halin da yake ciki a tafiyarsa da Allah. Wannan tsari, da suka kira aji, shi ya riƙe mutanen Wesley, wato Metodis, shekara da shekaru.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan shiga ƙaramar ƙungiyar zumunci a ikilisiya. Mu dawo gida.

Mu nan Arewa ba baƙi ba ne ga wannan abu. Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, takan ƙirga shekarunta daga sujadar da aka yi a gindin tsamiya a Garkida a watan Maris na 1923. Ikilisiyoyin ƙauye da yawa haka suka fara, mai bishara ɗaya da mutum biyar a rumfa. Da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, masu iya karatu ba su da yawa, sai ɗaya ya karanta sauran su saurara, a tsaya a yi tambaya, a sake karantawa. Ɗalibai ma ba a bar su a baya ba, ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS da ta faro daga Gindiri a 1957 ta rena dubban matasa a ɗakunan aji bayan an tashi daga karatu. Sai kuma Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso a farkon shekarun 1960 da cibiyarsa a Jos. Yau in an ce Sabon Rai, waƙa da ganga ne ke zuwa wa mutane a rai. Amma dattawan da suka ga farkonsa za su gaya maka ƙashin bayansa ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne, mutane kaɗan su haɗu a gida, su ambaci maƙwabtansu da suna a gaban Allah, kafin su fita shaida.

Zumuntar Mata kuwa, ai ita ce uwa a wannan fage. Je ka ECWA, je ka COCIN, ko EYN, ko LCCN, ko HEKAN, ko Katolika, za ka same su. In an haihu su ne, in biki ne su ne, in an yi rasuwa kafin dangi na nesa su iso sun riga sun hura wuta a gidan makoki. Sun daɗe da gane abin da Bahaushe ke nufi da zumunci a ƙafa yake.

An ga amfanin wannan sabo a lokacin wuya. A watan Oktoba na 2014, 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi. An ƙona majami'u da dama a Borno da Adamawa, jama'a suka watsu zuwa Yola, da Jos, da Abuja, wasu har sansanin Minawao a Kamaru. Ba gini, ba benci, wani wurin ba fasto. Waɗanda suka saba buɗe Littafi su yi addu'a a tsakaninsu, duk inda suka sauka sai su nemi juna su ci gaba. A 2020 ma, lokacin kullen korona da jihohi da yawa suka hana taro, an ga bambanci tsakanin wanda ke da mutanen da za su kira shi a waya su ji lafiyarsa, da wanda duk Kiristancinsa a kan bencin Lahadi yake.

To me ake yi ne a irin wannan zama? Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka wata ƙaramar sujadar Lahadi ce. Bari in kai ka ɗaya. Laraba ce da yamma, rana ta yi sanyi. An share tsakar gida, an shimfiɗa tabarma biyu, an aro benci daga maƙwabta. Ga makaniki ya zo kai tsaye daga gareji, bakin mai bai gama fita daga farcensa ba. Ga malamar firamare da jakar takardun jarrabawa a gefenta. Ga wata tsohuwa da ba ta iya karatu ba, amma in ka fara aya ita za ta ƙarasa maka. Ga ɗalibi yana karanta nasa Littafin a waya. An ɗauke wuta, sai aka rataye fitilar caji a igiyar shanya. Aka yi waƙa ɗaya ba kiɗa, aka karanta aya goma, kowa biyu-biyu. Shugaba bai yi wa'azi ba. Cewa ya yi, "To, me kuka ji a nan?" Aka yi shiru. Akuya ta leƙo, yaro ya kore ta. Can sai makanikin ya gyara murya ya ce, "Baba, ni fa wannan maganar gafara tana ba ni wuya. Yaron da na koya wa aiki shekara da shekaru ya kwashe mini kayan aiki ya gudu. In na gan shi, in ce masa me?" Malamar ta faɗi nata, ɗalibin ya nemo wata aya. Tsohuwar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ɗana, ka yafe masa, amma ba dole ne ka sake ba shi makullin shago ba." Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma ka ga alamar maganar ta shige shi.

Wannan tambaya ta makaniki ba ta da wuri ranar Lahadi. Ba mai ɗaga hannu a tsakiyar wa'azi ya ce, "Baba Fasto, dakata, ban gane ba." Mutum sai ya shekara ashirin yana ɗauke da tambaya ɗaya, kunya ta hana shi fitar da ita. A kan tabarma kuwa tana fita, kuma sau da yawa amsar daga bakin wanda ba a zata ba take zuwa.

A nan ne kuma ake koyon addu'a da baki. Akwai dattawa masu furfura da in an ce su rufe taro da addu'a sai gumi ya karyo musu. A gaban mutum ɗari biyar ba wanda zai koya. A gaban mutum takwas da suka san ka, ka yi jimla biyu ka ce amin, ba mai yi maka dariya, mako mai zuwa ka yi huɗu. Fastoci da masu bishara da yawa a irin wannan wuri aka fara jin muryarsu.

Akwai kuma abin da ba kowa ke so ba, shi ne a san ka. Abin kamar gayya ne. In ana noma tare, kowa da kunyarsa, wanda ya tsaya hutawa ana gani, wanda ƙarfinsa ya ƙare kuma na kusa da shi ya juyo ya kama masa. A babban taro kana iya sa farar riga ka ɗaga hannu kana waƙa, alhali kai da matarka kun yi mako ba ku gaisa ba. A ƙaramin zama labarin zuciya a fuska ake karanta shi. Wani zai ja ka gefe bayan an tashi ya ce, "Ɗan'uwa, lafiya kuwa?" Girma cikin bangaskiya da ake ta faɗa, mafi yawansa a nan yake, a sami wanda ya isa ya tambaye ka, kai kuma ka yarda ka ba shi amsar gaskiya.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Yanzu bari mu taɓa inda ke ciwo, don in na ce muku duk zuma ce, na cuce ku.

Babban abin da ke kashe waɗannan ƙungiyoyi gulma ce, kuma gulmar da ta fi muni ita ce wadda ta yafa mayafin addu'a. Mace ta daure ta ce, "'Yan'uwa, ku sa mu a addu'a, maigida ya kwana biyu ba ya dawowa da wuri." Aka yi addu'a, har da hawaye. Washegari a wurin injin niƙa, wata da ke wurin ta ja ƙawarta gefe: "Maman yara, ba gulma ba ce fa, don ki sa su a addu'a ne nake gaya miki. Kin san gidan wance..." Ita ma ta gaya wa wata, don addu'a. Kafin Lahadi labari ya zagaye unguwa, ya yi ƙafafu da fukafukai, har an san sunan wadda ake zargi. Mijin ya ji a majalisa. Ya dawo gida ya ce ta tona masa asiri, kuma kada ya sake jin ta taka wurin. Matar nan ba za ta ƙara buɗe baki ba, sauran da suka ga abin da ya same ta su ma sun koyi darasi. Daga ranar, in an ce akwai mai roƙon addu'a, sai ka ji "tafiya lafiya" da "jarrabawar yara". Ana nan ana taruwa, amma ƙungiyar ta mutu.

Kada maza su yi murmushi. Tasu gulmar a kan benci ake yinta, da sunan "shawara". Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da aka faɗa a kan tabarmar nan, a nan zai tsaya, ko matarka ko mijinki bai kamata ya ji ba sai da izinin mai maganar. Ya kamata a faɗi wannan ƙa'ida a fili tun ranar farko, a kuma maimaita duk lokacin da baƙo ya shigo. Kai kuma sabon shiga, kada ka juye cikinka gaba ɗaya a makon farko. Ka fara da ƙaramin abu, ka ga ko zai dawo maka ta wata hanya.

Sai dai riƙon asiri yana da iyaka, kuma wannan ma a faɗe shi tun farko. Idan ana dukan mace har ana ji mata rauni, ko ana lalata da yaro, ko wani ya ce ya gaji da duniya yana tunanin kashe kansa, wannan ya wuce a yi addu'a a watse. A gaya wa mai maganar cewa za a nemi taimako, a tafi tare da shi wurin fasto ko dattijo mai hankali, in ta kama a je asibiti ko wurin hukuma. Haka ciwo. Ku yi wa mai hawan jini addu'a, ku kuma tambaye shi ko yana shan maganinsa. Duk ƙungiyar da ta ce ka zubar da magani don nuna bangaskiya, ka ɗauki takalminka.

Sai kuɗi. Kun ji yadda Kyaftin Foy ya yi, mai hali ne ya rufa wa marar hali asiri. Mu kuwa wani lokaci sai abin ya juye. Yau kuɗin anko, gobe gudummawar biki, jibi na lemo. Gwauruwa mai 'ya'ya huɗu ta ga ba za ta iya ba, ta janye a hankali, a ce ta yi sanyi a ruhaniya. Karɓar baƙi ma sai ya zama gasa. Wannan gida an ba da shinkafa da kaza, sai mai bi masa ya kwana yana lissafi, ƙarshe ya ce ɗakinsa ya yi ƙanƙanta. A ganina ruwan sanyi ya isa, in an samu gyaɗa a ƙara. Adashe da rance kuma a raba su da zaman addu'a, domin ranar da wani ya kasa zubi, ba zai iya zama kusa da mai binsa ya rufe ido ba. Wanda kuma ya zo muku da harkar zuba kuɗi ta riɓanya cikin wata guda, ku tuna da irinta, MMM, da ta ci kuɗin jama'a a ƙarshen 2016. Yawancin waɗanda suka yi asara ta hannun wanda suka yarda da shi suka shiga.

Shugaba ma abin dubawa ne. Idan shi kaɗai ke magana daga farko har ƙarshe, wa'azi kuka zo ji. Idan ya fara cewa fasto bai da Ruhu, mu nan ne muke da gaskiya, ko ya riƙa ganin wahayi a kan wanda za ki aura da wanda ya yi maka asiri a danginku, ko ya ce kada a gaya wa dattawan ikilisiya abin da ake koyarwa, to ba zumunci yake ginawa ba, majami'ar kansa yake haƙa wa harsashi da ku. Ƙungiyar kirki tana ƙarƙashin ikilisiya, dattawa sun san da ita, kuma kowane dattijo yana iya shigowa ya zauna ba tare da an sauya magana ba.

To yaya mutum zai shiga? Ba wani dogon abu. Bayan sujada ka sami sakatare ko wani dattijo ka ce, "Baba, a unguwarmu ina ake taruwa?" Ka zaɓi wadda za ka iya zuwa da ƙafa. Wadda sai ka hau Keke Napep biyu, ranar da ruwa ya sauko ko aljihu ya yi sanyi ba za ka je ba. Kada kuma ka nemi wadda duk irinka ne a ciki, 'yan ƙabilarku ko abokan aikinka. Da makanikin nan cikin makanikai ya zauna, da bai ji amsar tsohuwa ba. Zuwan farko zai yi maka nauyi, za ka ga kowa ya san kowa sai kai. Ka daure wata biyu ko uku kafin ka yanke hukunci. Ba dole ka yi magana ba, in an zo kanka kana iya cewa, "Yau dai saurare nake yi." In ba ka iya karatu ba, ba abin kunya ba ne, kunne ma yana karatu. In kuma ka ga ba ta yi maka ba, ka yi sallama da mutunci ka nemi wata, ba sai ka ɓace kamar wanda ya ci bashi ba.

Maza, ina da magana da ku. A yawancin waɗannan taruka in ka ƙirga mutum goma, da kyar ka sami maza uku. Mukan ce aiki ne ya hana. Amma ranar da ake wasan ƙwallo, aikin nan yakan tashi da wuri. Gaskiyar ita ce namiji ba ya son a ga gazawarsa. Sai ya haɗiye bashi, ya haɗiye rashin aiki, ya haɗiye damuwar ɗa da ya shiga shaye-shaye, har ranar da zai yanke jiki ya faɗi. Idan zama da mata ne ke yi maka nauyi, ku sami maza huɗu ko biyar ku riƙa haɗuwa da sassafe ranar Asabar kafin a fita nema. Mata masu aure kuma, a shawarta da maigida, a gaya masa lokacin tafiya da na dawowa, kada zumunci a waje ya haifar da rigima a gida.

Wannan ya kawo mu ga lokaci. In an ce ƙarfe biyar zuwa shida da rabi, a tashi shida da rabi, ko da hira ta yi daɗi. Akwai mai girki, akwai mai aikin dare, akwai unguwannin da tafiyar dare ba ta da kyau. A kuma kula da maƙwabta. Da yawa cikinmu gidan haya muke, katanga ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi. Mutum goma ba sa buƙatar lasifika. A gaya wa mai gida da maƙwabta tun da wuri cewa duk Laraba za a yi baƙi, kada a tare ƙofar wani da babura, kuma in lokacin sallarsu ya yi a sassauta murya. Maƙwabcin da aka girmama shi ne zai ara muku benci.

In Allah ya sa albarka kuka haura goma sha biyar, za ku ga alama da kanku. Masu kunya za su daina magana, wani zai yi mako biyu bai zo ba sai daga baya a tuna. Lokacin rabuwa biyu ya yi ke nan. Ba a son yin haka, domin an saba, wasu har da kuka. Shi ya sa tun ana mutum takwas ya kamata shugaba ya riƙa ba wani dama, yau ya ce wane ya ja nazari, mako mai zuwa wance ta ja addu'a, don ranar da za a rabu a sami wanda zai riƙe ɗaya ɓangaren. Idan kuma ka tambaya aka ce babu ko ɗaya a unguwarku, ka je wurin fasto da sunayen gidaje biyu ko uku na masu bi da ke kusa da kai, ka ce kana da tabarma.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake shirya nazarin aya don wanda bai taɓa jan taro ba. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)